Littafin Awo

A littafin awona, shafi na tara,
sunan Yaya Tumba ne a sama.
Kafaɗa ba ta sauya ba shekara shida.
Hannu yana nan yadda na san shi.
Wuya ne kaɗai ke tafiya:
sha uku, sha uku da rabi,
sha huɗu ana jajibirin ƙaramar Sallah.
Na zargi tef ɗina, na sayo sabo a kasuwar Jega,
sabon ma ya maimaita maganar tsohon.

Ita da ke turara shinkafa buhu uku kafin azahar,
sai ga ta a gindin murhu tsakiyar bazara
tana neman mayafi.
Gashi na bin mataji.
Barci na sace ta da magana a baki.
Maƙwabta suka ce maƙoƙo ne, a sauya gishiri.
Wata ta ce baki ne.
Muka sha, muka shafa, muka jira.

A Birnin Kebbi, Likita Rifkatu 'yar Zuru
ta ɗora yatsu, ta ce, haɗiyi yawu.
Jini ya tafi ɗakin gwaji, ya dawo da labari:
garkuwar jikinta ce ta rikice.
Masu gadi sun ɗauki 'yar gida ɓarauniya,
suna ta dukan tsokar nan ta gaban maƙogwaro
mai fifita wutar jiki,
shekara da shekaru, ko tari ba a ji ba.
Ƙwaya ɗaya kullum da asuba, kafin koko.
Ɗumi ya dawo. Tukunya ta koma kan wuta.

Sai dai hoton wuya ya nuna ɗan ƙulli,
bai kai ƙwayar gujiya ba.
Ni ban iya kwana-kwana ba, na ce:
Likita, wancan ciwon ne ke haifar da daji?

Ta ajiye biro.
Ta ce masana ba su gama gardama ba.
Ana yawan samun su biyun a wuya ɗaya,
amma wa ya kira wani, ba a yanke ba.
Yawancin ƙulli ba komai ba ne.
Wannan, allura za mu aika ta tambayo.

A mota na yi ta juya zancen da harshen sana'ata.
Inda aka yi ta farkewa ana sake ɗinki,
nan zare ya fi ƙullewa, na sani.
Na kuma san rigar da na fi juyawa a hannu
ita na fi gano wa aibi,
ba don ta fi sauran lalacewa ba.
Har muka wuce shingen 'yan sanda ban zaɓi ɗaya ba.

Kwana goma sha ɗaya muna jira.
Na haɗa wa wata amarya hannun riga a baibai.

Daji ne.
Amma mai tafiyar hawainiya, in ji ta,
kuma an tare shi tun bai bar ƙofa ba.

Ranar da aka cire bandeji
kowa na kallon fuskarta, ni ina kallon ɗinki.
Layi ɗaya, siriri, ya bi lanƙwasar fata.
Na ce a raina, ko ni sai haka.
Muryarta ta yi sati uku a shaƙe,
sannan wata safiya na jiyo ta ta katanga
tana yi wa mai itace ciniki.

Jiya ta kawo atamfa.
Na ce bari in ɗaga wuyan, in rufe tabon.
Ta ce a'a, yanka shi yadda kika saba.
Matan da ke zuwa awon shinkafa
gara su gani su tambaya.

Na rubuta: wuya, sha uku.
A gefe, ranar komawa asibiti, wata shida.
Da ta fita na tura ƙyaure,
na zagaya tef a nawa wuyan,
na buɗe sabon shafi.